Ɓatan Murtsunguwar Don Saverio

A garinmu na gefen teku a Sisili ta ƙasar Italiya, babban laifi shi ne ajiye mota a ƙofar coci. Shi ya sa da Don Saverio, tsohon wanzami, ya kai ƙarar an sace masa murtsunguwa, mu 'yan zaman shagon kofi muka bi Sufeto Gaspare Lentini a baya kamar an yi kisan kai.

Murtsunguwar ba ta wuce ƙwan kaza ba. Daga iri ya raine ta tun gashinsa na baƙi, kuma bana ne ta fara alamar fure. An kwantar da shi a asibiti, ya dawo ya tarar da gilashin baranda a fashe, gurbinta wayam.

"Kwantar da hankalinka, na san kan abin nan," in ji Sufeto. "Ina da guda a kan teburina, kullum sai na ba ta ruwa. Shar take."

Don Saverio ya dube shi kamar ya zagi mahaifiyarsa.

A barandar, Sufeto ya bi sauran tukwanen murtsunguwa da yatsa. Duk a bushe suke ƙamas. Farantin da aka ɗauke tukunyar daga kai kuwa da laima. Ya leƙa ƙasa, ya ga ɓaraguzan gilashi a titi, babu ko ɗaya a ciki: daga ciki aka fasa shi ke nan.

Wanda kowa ke zargi shi ne Nunzio mai kemis, abokin hamayyar Don Saverio a gasar tsirrai. Ya rantse bai taka layin ba. Da aka ce maƙwabciya ta gan shi, sai ya amsa cewa yakan tsaya a ƙasa ya hango murtsunguwar, don ya ga ko ta mutu.

"To, me ya jiƙa farantin?" in ji Sufeto.

Nunzio ya dafa ƙirji. "Ruwa? A cikin hunturu? Yallaɓai, ka ce na yi sata, zan haƙura. Amma kada ka ce na shayar da ita. Ko jikana ya san ba a ba su ruwa sai sanyi ya wuce."

Saura mutum ɗaya mai mabuɗi: Liborio, ƙanin matar Don Saverio, wanda aka bar wa gadin gida. An same shi yana cin taliya. Ya ce ko barandar bai taɓa hawa ba.

Sufeto ya miƙa masa hannu. Liborio ya ba da na hagu. Na daman ya kumbura, cike da ƙananan ƙayoyi.

"Kifi na gyara," in ji shi.

"Wane kifi ne mai ƙaya a tukunya?"

Liborio ya ajiye cokali. Ya ce tausayi ne ya ja masa. Ya ga ƙasar ta bushe kamar ba mai gida, sai ya riƙa zuba mata ruwa safe da yamma, yadda yake wa ɗoɗɗoyarsa. Da gindin ya yi laushi ya fara wari, tsoron surukinsa ya sa ya ɗauke ta da tukunyarta, ya jefar a shara, ya fasa gilashi don a ɗauka sata ce.

"Wallahi, yaya, alheri na nufa."

"Da ka ƙi ta, da tana nan lafiya," in ji Don Saverio.

A kan tarin shara aka tsince ta. Nunzio ya juya ta, ya ce kan bai ruɓe ba. Nan take ya zaro reza, ya yanke shi, ya aurar da shi a kan wata murtsunguwar tasa mai ƙarfi, yana mita cewa ba don Saverio ya yi ba. Wanzamin ya riƙe masa tukunya, yana gyara masa riƙon reza.

Wani saje ya tasa ƙeyar Liborio zuwa ofis, kan laifin ƙirƙirar sata da watsa gilashi a titi. Ya roƙi a bar shi ya tafi da sauran taliyarsa, aka bar shi.

Da bazara ta yi fure ja guda ɗaya, tsofaffin biyu suna ta gardamar ko na wane ne.

Sufeto kuwa har yau yana shayar da tasa kowace safiya, yana ba baƙi shawara. Ta roba ce.