Rabin Makari

Ku matso, ku rage murya. Wannan ba labarin da ake ɗaga wa murya ba ne.

Da Haladu ya dawo Tungar Korau, bayan shekarun da ya kwashe yana dako a Legas, da ƙyar ya gane garin. An sare tsamiyar bakin kasuwa, an kafa shagon cajin waya a gurbinta. Rijiyar masallaci ta ƙafe. Yarinyar da ya bari tana tallan gyaɗa ta wuce shi da goyo, ba ta ko waiwaya ba. Ɗakin mahaifinsa, wanda ya rasu ba ya nan, ya zama ma'ajiyar buhuna. Har karnukan unguwa sai da suka yi masa haushi. Abu ɗaya ya tarar yadda ya bar shi, bakin Nomau.

Nomau ɗan Gwaggo Kande ne, ƙanwar mahaifin Haladu. Taubasai ne, tare suka tashi.

"Bawana ya dawo!" in ji Nomau tun daga bakin zaure. "Legas ta tsotse ka ta tofar. Ina tsarabar ubangidanka?"

"Ɗan mace, yaushe ka yi bakin kiran ɗan namiji bawa?"

"Tun ranar da ka gudu ka bar mini gonar ubanka. Na ji an ce wannan karon zama ka zo yi?"

"Zama na zo yi. Na gaji da kwana a ƙarƙashin gada."

"To gobe farautar gadu. Mu gani in hannun dako yana iya jan tsirkiya."

Kun san gadu, aladen dajin nan mai haure biyu. Mutanen Tungar Korau ba sa cinsa, ko tukunyarsu ba ya shiga. Amma garke ɗaya kan tashi gonar rogo a dare guda. Shi ya sa duk shekara, in an gama girbi ciyawa ta bushe, samari ke ɗaukar kwari da baka su shiga daji. Abin da suka kashe, mutanen ƙetaren rafi su zo su ɗauka.

Farautar tana da doka ɗaya. Kibiyar kowa a tukunyar dafi ɗaya ake tsoma ta, tukunyar Baba Jatau, Sarkin Baka. Domin kowane dafi da makarinsa. In tsautsayi ya sa kibiya ta taɓa mutum, makarin da ke ƙugun Baba Jatau ya ishi kowa.

An ba Haladu nasa kibiyoyin. Amma da ya shiga ɗakin mahaifinsa neman baka, sai ya ga tsohon kwarin marigayi rataye a bayan buhuna. Ya zaro ɗaya. Tsohuwar ƙira ce, mai kunne biyu, dafin ya bushe a wuyanta baƙi ƙirin kamar kwalta. Bai ga gawar ubansa ba, bai ɗauki makararsa ba. Ya ji yana son ya riƙe wani abu nasa. Ya juye na Baba Jatau a ƙasa, ya zuba na marigayi a kwarinsa. Bai gaya wa kowa ba.

Wuni suka yi suna bin sawu. Sai da rana ta yi ja suka tashi garke a wani kwazazzabo. Wata babbar macen gadu ta ɓullo ta gefen Haladu, jela a tsaye. Ya ja, ya saki. Kibiya ta shige ta a kafaɗa. Maimakon ta gudu, sai ta juya ta yi kan Nomau. Haladu ya sake ɗana wata, ya saki. Ta biyun ta daki haure, ta goce, ta yanki Nomau a sha-raɓa. Gadun ta kutsa ciyawa ta ɓace da kibiyar farko a jikinta.

"Ka ga aikin bawa," in ji Nomau yana dariya, yana dafe ƙafa. "An ce harbi alade, ya harbi ubangidansa."

Baba Jatau ya ɗaure masa ƙafar a sama da gwiwa, ya tsaga wurin, ya shafa makari, ya ba shi wani ya haɗiye. Aka zauna jira.

Dariyar Nomau ta ragu. Gumi ya keto masa, mai sanyi. Ya yi amai. Bakin raunin ya fara yin baƙi.

Baba Jatau ya ce a miƙo masa kibiyar. Ya juya ta, ya sansana.

"Wannan ba tukunyata ba ce. Haladu, ta wa ce?"

"Ta Baba ce."

"Innalillahi. Ubanka bai taɓa gaya wa kowa abin da yake dafawa ba. Ni ma na roƙe shi, ya hana ni."

"Makarin fa, Baba? Dole akwai makari."

"Yana da wani ƙaho da yake zubawa. In yana nan, yana wajen Kande." Ya dubi rana, ya dubi Nomau. "Ba a ɗaukarsa, in an girgiza shi dafin zai hau. Kai za ka je. Ka bi ta bakin rafi. Kada ka bi ta Ramuka, ka ji ni?"

Nomau ya kamo bakin wandon Haladu. "Kada ka gaya wa Inna kai ne," ya ce a hankali. "Ka ce ƙaya ce."

Haladu ya zuba da gudu.

Hanyar rafi zagaye ce mai nisa. Ramuka kuwa yanke ce, fili ne mai cike da tsofaffin ramukan dabgi, dabbar nan mai haƙa ƙasa, inda gadu ke kwana. Ko da rana tsaka maharba ba sa ratsa shi su kaɗai. Da Haladu ya iso mararraba bai ko tsaya ba. Ya tuna leɓen Nomau da ya fara yin fari. Ya karya ta Ramuka.

Magariba ta rufa. Tsuntsaye suka yi tsit. Gyare ma ya daina kuka. Ba ya jin komai sai numfashinsa da kwarin da ke bugun bayansa.

Sai ya ga mutum a tsakiyar hanya.

Tsoho ne, da malfa, da sandar kiwo a gefensa. Ya durƙusa yana tonon wani abu a ƙasa. Ba a kan tafin hannu ya dogara ba. Ya lanƙwashe hannuwansa ciki, ya dogara a kan wuyan hannu. Wurin ya yi kanta, kauri kamar gindin turmi.

"Salamu alaikum, Baba. Ba ni hanya, sauri nake."

"Wa alaikumus salam, ɗan Barau."

Barau sunan mahaifinsa ne. Muryar ta hanci take fita, kowace kalma da ɗan gurnani a ƙarshenta. Haladu ya fara karanta Ayatul Kursiyyu, harshensa yana sarƙewa.

"Karanta, ba na hana ka," in ji tsohon. "Mu ma akwai masu sallah a cikinmu. In ka gama, ka saurare ni. Ƙahon da kake gudu ka ɗauko, gara ta cinye abin cikinsa tun daminar da aka binne ubanka. Ƙasa za ka tarar."

Haladu ya zube a gabansa.

"Baba, ko kai wane ne, ka taimake ni. Ɗan'uwana zai mutu. Da hannuna."

"Ni ma saniyata za ta mutu. Da hannunka. Tana da 'ya'ya ba su yaye ba." Tsohon ya miƙe. Bai fi ƙugun Haladu tsawo ba sai kaɗan. "Wanda ya sa kibiya shi ke cire ta. Taho."

Bai juya ba. Da baya ya fara tafiya, fuskarsa tana kallon Haladu, yana ratsa ciyawa ba ya tuntuɓe. Haladu ya bi shi, idonsa a ƙasa. Sawun da tsohon ke bari ƙanana ne, kowanne a tsage biyu.

Suka iso bakin wani rami. Tsohon ya shige da baya, duhu ya haɗiye shi, muryar kawai ta rage.

"Shigo. Ajiye bakan a waje."

Gadu da baya yake shiga raminsa, don haurensa ya tsare ƙofa. Kowane yaro a Tungar Korau ya san haka. Duk wanda ya sa kai a ramin, fuskarsa ya miƙa. Haladu ya ajiye baka. Ya kwanta rubda ciki. Ya ja jiki.

Wari ya buge shi, na ƙasa da jini. Numfashi mai zafi ya sauka a goshinsa. Wani abu mai santsi da sanyi ya gogi kumatunsa, ya tsaya daidai ƙarƙashin idonsa. Haure ne. Can ciki ƙananan abubuwa suna motsi, suna kuka siriri.

"Miƙa hannu. Kafaɗar hagu."

Ya lalubo gashi mai kaushi, ya lalubo karan kibiya. Ya ja. Gadun ta yi gurnani, hauren ya danna masa fata.

"Mai kunne ce, ba ta fita da baya," in ji muryar. "Ubanka bai koya maka ba? Tura ta gaba."

Ya tura. Yana kuka yana turawa, yana kiran sunan Allah. Ya ji fata ta ɓalle ta ɗaya gefen. Ya karya karan, ya zare ƙarfen. Jini mai ɗumi ya cika masa hannu.

Sai ya ji ana tauna wani abu a cikin duhu, ƙurus, ƙurus. Aka tofa. Numfashin gadun ya fara daidaita. Wani hannu mai tauri ya damƙa masa guntun saiwa a tafi.

"Guda ɗaya gare ni. Rabi na saniyata, rabi na ɗan'uwanka. Ita dabba ce, rabi ya ishe ta. Shi mutum ne. Dafin zai kwanta a jikinsa, ba zai mutu ba."

"Zai rayu?"

"Zai rayu. Amma dafin nan da jinin ubanka aka haɗa shi, ya san warin gidanku. Duk sanda ya ji ka kusa, zai farka. Fita. Da baya, kamar mai hankali."

Haladu bai san yadda ya koma kwazazzabon ba. Ya tarar an kunna wuta, samari sun yi jugum, wani yana karanta wa Nomau kalmar shahada a kunne. Ya tauna saiwar, ɗacinta ya kusa tsage masa kai. Ya tofa a raunin, ya ɗura sauran a bakin Nomau.

Baba Jatau ya dubi jinin da ke hannunsa, ya dubi ƙasar da ke ƙirjinsa.

"Ba ka kai gari ba."

"Ban kai ba."

"To kada ka gaya mini. Ba na son sani."

Kafin wutar ta cinye, Nomau ya buɗe ido. "Wane ne ya tofa mini yawu?" ya ce. "In bawan nan ne, a wanke ni."

Aka kawo shi gida a kan makarar kara, da rai. Haladu ya so ya ɗauki maganar tsohon a mafarki. Ya tare a ɗakin Nomau yana jinya, shi ke ba shi kunu, shi ke juya shi. Raunin ya ƙi rufewa. Kullum da safe baƙin ya ƙara hawa, zazzaɓi ya ƙi sauka. Gwaggo Kande ta daina cin abinci.

Ranar kasuwar Maraya aka aiki Haladu sayo magani. Mota ta lalace, ya kwana biyu a hanya. Da ya dawo ya hango Nomau zaune a ƙofar gida yana cin rake, yana tsokanar masu wucewa. Haladu ya sheƙo da gudu, ya rungume shi. Ba a yi la'asar ba sai da gumin nan mai sanyi ya dawo, tsumman ƙafar ya jiƙe da baƙin ruwa.

Haladu ya koma kwana a bukkar gona, bayan gari. Nomau ya samu sauƙi, amma kaɗan. In iska ta kaɗo daga gona zuwa gari, Nomau ba ya barci.

Ku da kuke saurare, in farauta ta kai ku dajin nan, ku bi ta bakin rafi ko da wuta ce ke cin gidanku. Ramuka ba hanyar mutum ɗaya ba ce. Mai wurin ba ya ƙarya, ba ya zalunci, kuma ba ya ragi.

Da asuba Haladu ya zauna a bakin bukka yana cusa kayansa a jakar da ya zo da ita. Irin gyaɗar da ya saya don damina ya ɗaure shi daban, ya jingine a inda za a gani. Sai ya ji ana kwaɗa masa kira. Can nesa, a kan kunyar ƙarshe ta gonar, Nomau ne tsaye da sanda, Gwaggo Kande tana riƙe da shi.

"Kada ka matso!" Haladu ya ɗaga murya. "Tsaya nan!"

"Na sani, bawa! Baba Jatau ya gane, ya gaya mini!" Iska tana ɗauke rabin maganar. "Inna ta dama maka fura! Za mu ajiye a nan, in mun tafi ka ɗauka!"

"Gwaggo, ki yafe mini!"

Gwaggo Kande ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a kan kunya, ta gyara faifan da ke bakinta. Ta ɗaga hannu kawai.

"Ka riƙa bugo waya!" in ji Nomau. "Wari ba ya bin waya, ko?"

Haladu ya ɗaga musu hannu. Ya tsaya yana kallon su suna komawa, a hankali, Nomau yana ɗingishi. Sai da suka shige gari, ya jiƙa yatsa ya ɗaga ya ji inda iska ta nufa, sannan ya je ya ɗauko furar. Ya dawo ya ja zip ɗin jakarsa.