Ɓoyayyiyar Manhaja a Ofishin Direbobi

Da hantsi aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda na Kontagora: an tsinci gawar Filibus, direban babbar mota, a hanyar Kasuwan Garba. 'Yan bindiga sun tare shi, sun kwashe 'yan kasuwar da ya ɗauko.

Abu ɗaya ya tsaya wa Insifekta Jumare a rai. Filibus ya sauya hanya a ranar, amma a sabuwar hanyar aka jira shi.

Ya nufi ofishin ƙungiyar direbobi da ke tashar mota tare da Kofur Helen, mai kula da sashen kwamfuta.

"Wa ya san ya sauya hanya?" ya tambayi Priscilla, sakatariyar ƙungiyar.

"Ni kaɗai, ranka ya daɗe. Ni na shigar da sauyin a kwamfutar nan."

"Wa kuma ke taɓa ta?"

"Yahya mai gyara. Wani lokaci Alhaji Abdulfatahi, mataimakin shugaba, yakan zauna a kai."

Aka kira su. Yahya ya rantse rabonsa da ofishin tun kafin damina. Abdulfatahi ya yi dariya.

"Ni ko kunna ta ban iya ba, Insifekta."

Helen ta sauko da wata manhaja ta kyauta, mai nuna duk abin da ke aiki a cikin kwamfuta, har wanda ya ɓuya. Sunaye suka jeru a allon, suna hawa suna sauka. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya.

"Oga, wannan sunan firinta ya ara, amma ofishin nan ba firinta. Hoton allon yake turawa waje, yanzu haka ma yana turawa."

"Wa yake tura wa?"

"Wata waya. Idan na tsayar da shi, wayar za ta yi ƙara ta ce layi ya yanke."

Jumare ya rufe ƙofa.

"Kowa ya ɗora wayarsa a tebur."

Priscilla ta ajiye. Yahya ya ajiye. Abdulfatahi ya ajiye tasa, yana share gumi da bakin hula.

"Tsayar da shi, Kofur."

Helen ta danna. Wayoyin tebur ba wadda ta motsa. Sai ƙara ta fito daga aljihun babbar rigar Abdulfatahi.

Jumare ya zaro wata ƙaramar waya. Allon kwamfutar ofishin ne a fuskarta, ya daskare.

Abdulfatahi ya zube a kujera.

"Ƙanena yana hannunsu, Insifekta. Sun ce in riƙa faɗa musu hanyar motoci ko su kashe shi. Wallahi ban san za su harbi kowa ba."

"Da wannan wayar kake magana da su?"

Ya gyaɗa kai.

"To da ita za mu nemo mutanen da suka kwashe. Tashi."

Ankwa ta rufe a hannunsa. A tashar, direbobi suka dare gefe har aka sa shi a mota.