Kwalbar da Ta Kada Hajiya Zubaidatu

Da hantsin Talata aka kira ofishin 'yan sanda daga unguwar Mahjar da ke Jidda, aka ce Hajiya Zubaidatu ta faɗo daga matakalar bene ta rasu. Da nan maganar ta tsaya, da an yi jana'iza kowa ya watse. Amma washegari likita ya ce ya ga sinadarin wiwi a jininta, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu.

Insfekta Abdulghaffar aka ba aikin domin yana jin Hausa, kakansa ya zo hajji daga Haɗeja bai koma ba. Ko da ya isa, 'yan gidan har sun yanke hukuncinsu. Sun kulle Khairiyya, matar da ke jinyar Hajiya, a ɗakin girki.

"Ita ce, wallah!" in ji Luba, 'yar marigayiyar. "Ko iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan, ba ta da ita, shekara shida muna rufa mata asiri. Halas, shi ke nan, ku tafi da ita."

Shekara shida Khairiyya tana kwasar kashin uwarsu, shi ne rufin asirin. Ran Insfekta ya ɓaci, ya sa aka buɗe ƙofar.

"Me kika ba ta jiya da safe?"

"Koko ne, Yallaɓai, sai man habbatus-sauda. Kullum cokali biyu take sha, ba ta fashi. Nata ya ƙare, sai ta ce in buɗe sabuwar kwalbar da ke cikin tsarabarta."

"Tsarabar wa?"

Khairiyya ta kalli Luba, ta sunkuyar da kai.

Insfekta ya buɗe kwalbar ya shinshina. Habbatus-sauda yaji gare ta, wannan kuwa warin ɗanyar ciyawa yake. Ya juya gindinta, sai ga 'yar takardar farashi da alamar dala.

A falo ya sami Musbahu, ɗan ƙanen Hajiya, wanda ya zo umra daga Amurka. Yana zaune da carbi yana karɓar gaisuwa.

"Me ka kawo wa gwaggonka?"

"Agogo da turare kawai, ofisa."

"Kawai?"

"Kawai."

Insfekta ya dangwarar da kwalbar a gabansa. "Kowane kanti a Mahjar habbatus-sauda ce tuli. Wane mai hankali ne zai ɗauko ta daga Amurka ya kawo Jidda? Ko Khairiyya ce take cefane da dala?"

Carbin ya tsaya. Musbahu ya ce ai kwalba kowa na iya tsinta. Insfekta ya ce to ya tashi su je a ɗauki zanen yatsunsa. Nan Musbahu ya saduda.

"Don ciwon gwiwarta na kawo," ya ce. "Man wiwi ne na magani. Na juye shi a wannan kwalbar don in wuce filin jirgi. Ɗigo biyu ake sawa a harshe, ba cokali ba. Na so in gaya mata, gidan ya cika da mutane, sai na ce bari in dawo daga Makka."

"Ina kwalbarsa ta asali?"

"Ba ta da rubutu. A jihar da nake, a da a kanti ake sayar da shi, an gwada shi, an rubuta ƙarfinsa. Bara majalisa ta haramta, sai ya koma hannun masu sayarwa a bayan mota, ba wanda ya san abin da suke haɗawa. Su suka kashe ta, ofisa! Da sun tsara shi maimakon hanawa..."

Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani.

"Wannan ka je ka faɗa wa majalisarku," Insfekta ya daka masa tsawa. "Ƙila ma kana da gaskiya. Amma majalisa ce ta sa shi a kwalbar da kowace tsohuwa ke sha da cokali? Majalisa ce ta zauna tana jan carbi, baiwar Allah na kulle a ɗakin girki tun jiya?"

Aka sa masa ankwa aka fita da shi. Luba ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Khairiyya ta matso. "Yallaɓai, ni na fita?"

"Daga kisa kin fita."

Sai dai tun jiya Luba ta kai sunanta wurin hukuma, motar masu mayar da baƙi marasa iƙama ƙasashensu tana ƙofa tana jira, kuma Insfekta ba shi da ikon hanawa. Takaici ya hana shi kallonta.

"To ku jira ni kaɗan," ta ce. "Hajiya ta bar wasiyya ni zan yi mata wanka."

Direban ya danna hon. "Yalla!"