Zanen Alli a Tsohuwar Ƙofa

Zauren unguwar nan da ake ji da shi, da can ɗakin Inna mai ɗinki ne. Shekarar da mota ta kaɗe autanta yana ƙwallo a titi ya rasu, Inna ta kwashe kayanta, ta ce a fasa bango yara su samu wurin wasa. Kafinta ya kawo benci, malami ya kawo allo, mata suka raba ranakun shara. Abu ɗaya ta hana a taɓa, tsohuwar ƙofar da take auna tsayin yaron da alli. Yanzu duk yaran unguwa a nan take auna su.

Ran nan bayan an watse, duhu ya shigo, tana rufe taga sai ta ji sallama. Wani dogon saurayi ne, amma muryarsa siririya, kamar ba daga ƙirjinsa take fitowa ba.

"Mun tashi, ɗan nan. Sai gobe."

"Auna ni kawai za ki yi."

"Ƙato da kai? To, jingina."

Ta yi ɗage, ta miƙa hannu saman kansa. Ba ta taɓa komai ba sai sanyi. Hannun ya yi ta sauka, yana wuce zanen 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan wani ɗan ƙaramin kai mai ɗumi, daidai zanen da ya fi kowanne dusashewa.

"Inna," in ji muryar daga can ƙasa, "na ƙaru?"