Gefen Da Aka Yanke

Sewuese ta tsinci mahaifinta, Baba Tyav, kwance a bayan rumfar bikinta, ƙeyarsa a fashe a jikin ƙarfen janareta. Ranar Asabar ce da la'asar, a gidansu da ke kan hanyar Doma. Kafin a isa asibiti ya cika.

Likita ya ce ba faɗuwa ya yi shi kaɗai ba. Wuyan rigarsa a yage yake. An cakume shi, an tura.

Sufeto Ashemi Kolo ya karɓi binciken ranar Litinin. Ya tarar an riga an kama mutum. Sunansa Torkuma, maƙwabcin mamacin a gona. Sun daɗe suna rigima a kan iyakar gonar doya, kuma a daminar bana Torkuma ya faɗa a gaban mutane cewa sai ya ga bayan tsohon. DPO ya ce ranar Juma'a za a kai shi kotu da tuhumar kisan kai.

Sufeto ya sa aka fito da shi daga sel.

"Lokacin rawa ka tashi daga kujerarka?"

"Oga, ban tashi ba. Ina zaune kusa da matana har aka yi ihu."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Ni dattijon coci ne."

"Ban tambaye ka muƙaminka ba."

Aka mayar da shi. Saje ya kunna wa Sufeto faifan bikin a kwamfutar ofis. Mai ɗaukar bidiyon ne ya kawo shi da kansa ranar Lahadi, ba a ma nema ba.

A faifan ana rawar suwange, maza da mata cikin tufafin Tibi masu ratsin baƙi da fari. Hoton yana tafiya a hankali. Ya zuƙo fuskar fasto, ya ja baya, ya gangara hagu, ya tsaya a kan Torkuma. Torkuma ya saci kallon matarsa, ya miƙe, ya yi hagu, ya fice daga hoton. Hagu ita ce hanyar bayan rumfa. Bai dawo ba har aka ji ihun amarya.

"Shi ke nan, yallaɓai," in ji Saje. "Ya yi ƙarya, kuma ga shi a hoto."

"Ƙarya kam ya yi," Sufeto ya ce. "Ina shagon mai bidiyon?"

Shagon yana kan hanyar Makurdi, ɗaki ɗaya da benci da fanka. Mai shagon, Kelvin Aper, saurayi ne siriri, sanye da falmaran shuɗiya mai sunan shagonsa a baya. Ya goge wa Sufeto benci.

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Bayan kyamara, yallaɓai. Kai ma ka gani. Hoto ba ya tafiya da kansa."

"Wa ya taimaka maka?"

"Ni kaɗai nake aiki."

"Kyamarar a hannunka take?"

"A kan ƙafafunta take, ina juya ta."

"Ina katin memorin kyamarar?"

"Na goge. Ina da aikin coci washegari."

"Faifan da ka kawo, ka taɓa shi?"

"Yadda ya fito haka na kwafa."

Sufeto ya dubi laftop ɗin da ke kan tebur. A rufe take, wayar caji a jikinta. Ya yi godiya ya fita.

A ofis ya kunna faifan daga farko, ya ƙara murya. Tun daga coci ake jin Kelvin, bakinsa dab da kyamara. "Madam, matsa." "Oga, kanka ya toshe ni." "Ku kama yaran nan." Haka a wajen cin sakwara, haka a wajen jawabin shugaban biki. Mutumin ba ya iya rufe baki.

Daga fara suwange har zuwa ihu, ba a ji shi ba ko tari.

Ranar Talata Sufeto ya je gidan makoki. Ba a sauke rumfar ba, masu ta'aziyya ne a ƙarƙashinta. Sewuese ta fito da baƙin zane, kitson bikin yana kanta. Ya nuna mata wurin rawar a wayarsa. Ta kalla har zuwa inda mutane suka juya kai gaba ɗaya zuwa dama suna tafi.

"Me suke kallo?"

"Ni. Nan ne na fito da kaya na biyu." Ta matso da wayar. "Bai ɗauke ni ba?"

Hoton yana kan fuskar fasto. Daga nan ya gangara hagu.

"Ya saba barin amarya ta wuce?"

"Tun safe yake bina da kyamara. Ko ruwa na sha sai ya ɗauka."

"Kin san shi kafin bikin?"

Ta miƙa masa wayar. "Ya nemi aurena. Baba ya ce ba zai ba mai bin bukukuwan mutane 'yarsa ba."

"Amma shi aka ba aikin."

"Baba ne ya ce sai shi. Ya ce ai aikinsa ke nan."

Sufeto ya tsayar da hoton. A gefen dama, can ƙasa, wani abu mai ruwan gwal yana leƙowa yana ɓacewa.

"Wannan fa?"

"Gwaggwaron Hajiya Suwaibatu ne, maƙwabciyarmu. Ita kaɗai ta ɗaura irinsa."

Hajiya Suwaibatu tana sayar da atamfa a kasuwa. Ta karɓi Sufeto a tsaye, ba ta daina ninke kaya ba.

"Ni a gaban abin ɗaukar hoton nan na tsaya ina kallon rawa, har ƙafata ta yi tsami."

"Ba a ce ki matsa ba?"

"Da safe kam yaron nan ya kore ni kamar akuya ta shiga masa gona. Wai gwaggwarona ya cinye masa ango. Da yamma ba wanda ya ce mini uffan. Na ce to, ya koyi ladabi."

"Yana bayanki?"

"Ɗana, rawa na je kallo. Ban waiwaya ba."

Daga kasuwa Sufeto ya wuce Tudun Amba, wurin wani mai tace bidiyo, Collins. Mutum ne mai tumbi, yana cin gasasshiyar masara a gaban kwamfuta. Sufeto bai gaya masa faifan wa ne ba.

"Tambaya ɗaya. Hoto yana iya tafiya ba kowa a bayan kyamara?"

Collins ya yi dariya. "Oga, rabin bukukuwan Lafiya haka muke yi. Mutum ya kafa kyamara, ya buɗe ta ta kwashi fili duka, ya tafi layin abinci."

"Nuna mini."

Collins ya ajiye masarar. Ya buɗo wani bikin suna a manhajar tace fim. Hoton a tsaye yake cak, mutane ƙanana a cikinsa. Ya ja wani ɗan akwati a kan hoton, ya rage shi har ya rufe fuskar liman kaɗai.

"Abin da ke cikin akwatin nan shi mai kallo zai gani. Sauran an yanke. Yanzu in sa alama a nan, in ce daga nan za ka fara. In matsa gaba kaɗan, in ja akwatin kan mai jego, in sa wata alama. Tsakanin alama da alama kwamfuta ce za ta yi tafiyar."

Ya kunna. Hoton ya taso daga liman, ya sulale a hankali, ya sauka a kan mai jego.

"In na ƙara wa akwatin girma, ka ga kamar an ja baya. In na rage, kamar an zuƙo. Har 'yar girgiza ana sa masa, ya yi kamar hannun mutum."

"Ta yaya zan bambance?"

"Kawo naka."

Sufeto ya ba shi. Collins ya kai wurin jawabin shugaban biki, inda aka zuƙo fuskarsa.

"Wannan kyamara ce ta zuƙo. Duba, har gumin hancinsa kana gani." Ya kai wurin suwange, ya tsayar a kan fasto. "Wannan fa? Fuska ta dame kamar kunu. Ɗan guntu aka ɗauka aka buɗa shi ya cika allo. Kuma duba, yana zuwa nan sai ya tsaya, yana zuwa can sai ya tsaya. Bango yake cin karo da shi. Inda kyamara ba ta gani ba, kwamfuta ba za ta kai ka ba."

"Gefen da aka yanke, ya tafi ke nan?"

"Yankan manhaja ba yankan almakashi ba ne, oga. Ɓoyewa kawai take yi. In asalin yana cikin kwamfuta, komai yana nan."

"In ya goge asalin fa?"

"Kafin ya miƙa aikin biki? Ba mai tace fim da zai yi haka. Hannunsa ma ba zai yarda ba." Collins ya ɗauki masararsa. "Aikin Kelvin ne, ko? Na gane zuƙowarsa. Yana son ta a hankali kamar fim ɗin Indiya."

Ranar Laraba Sufeto ya samo takardar bincike daga kotu. Aka ɗauko laftop ɗin, aka taho da mai ita.

A ofis aka zaunar da Kelvin a kujera ɗaya, Torkuma a benci da ankwa. Sewuese ta ce sai ta shiga, Sufeto ya bar ta ta tsaya bakin ƙofa. Aka kirawo Collins, ya buɗe aikin bikin. A ƙarƙashin wurin suwange alamomi ne jere, ƙanana, kamar an shuka su.

"Ka ce ba ka taɓa shi ba," Sufeto ya ce.

"Gyaran launi ne kawai, yallaɓai."

"Cire su."

Collins ya share alamomin. Hoton ya buɗe, ya tsaya cak. Gwaggwaron Hajiya Suwaibatu ya cinye kusan rabin dama. A hagu fili ya ƙaru, har ƙarshen rumfa.

A allon, Torkuma ya miƙe daga kujerarsa, ya yi hagu. Bai fita daga hoton ba. Ya tsaya a wurin kular lemo, ya juya wa matarsa baya, ya zaro kwalbar giya daga ƙasan ƙanƙara, ya kafa kai.

Ta bayansa Baba Tyav ya wuce da sandarsa, ya shiga bayan rumfa. Jim kaɗan falmaran shuɗiya ta bi shi. Sunan shagon ya fito sarai.

Aka ci gaba da rawa. Torkuma ya buɗe kwalba ta biyu. Can falmaran ta fito da sauri, ta ratsa ta gefe, ta ɓace wajen kyamara. Sannan ihu.

Fanka tana juyawa.

"Janareta na je dubawa," in ji Kelvin. "Wuta tana rawa."

"Shekaranjiya kana bayan kyamara. Yau kana wajen janareta. Wa ya yage wa tsohon riga?" in ji Sufeto.

Kelvin ya dubi allon.

"Shi ya yafuto ni. Na ɗauka maganar aiki ce. Ya ce in tabbatar na ɗauki angon da kyau, daga sama har ƙasa, in riƙa kallo in koyi yadda miji yake." Ya kau da ido daga allon. "Yana dariya. Na riƙe rigarsa. Ya ce in sake shi, kar in ɓata masa guga. Na tura shi. Ban san ƙarfen yana nan ba."

"Sannan ka zauna ka ja akwati a kan Torkuma."

"Kowa ya san rigimarsu."

"Juma'a za a kai shi kotu. Ka sani?"

"Na sani."

Sufeto ya yi wa Saje alama. Aka cire ankwa daga hannun Torkuma, aka mayar hannun Kelvin.

Torkuma ya murza wuyan hannunsa. Ya matso kusa da tebur, ya rage murya.

"Oga, abeg. Wannan wurin kwalba, kar matana ya gani."

"A kotu za a kunna shi. Ita ma za ta zo."

"Ba za a iya yanke gefen ba?"

"Fita."

Saje ya tasa Kelvin gaba. Da suka zo bakin ƙofa Kelvin ya tsaya. Sewuese ba ta matsa ba, ba ta kuma ɗaga kai ba.

"Sewuese, Baba ya yi rawa da safe a ƙofar coci. Na ɗauke shi da hannuna, ba kwamfuta. Ban taɓa aiki mai kyau kamarsa ba. In kotu ta gama, ki karɓa ki kalla."

Ta ja jikinta gefe, ta ba Saje hanya.

"Ba zan kalla ba," ta ce.