Ɗakin Baba a Bakin Teku

"Wane dattijo ne zai kwana kusa da ɗakinmu?"

'Yar Baba ta ɗago kai daga kwamfuta. Mijinta Injiniya ne tsaye a kanta, hular aiki a hannu, ya haɗe rai kamar bai taɓa dariya ba. Ko sallamar kirki bai yi ba.

Ga shi kuma tana da baƙi. Wasu ango da amarya ne a gabanta, sun zo ta tsara musu hutu, don a duk ofishin shirya tafiye-tafiyen nan babu wanda ya kama ƙafarta wajen sanin tsibirai. Ita ma ta san da haka, kuma ba ta ɓoyewa.

"Rabin raina, ɗan zauna, ina zuwa..."

Ya ja kujera ya zauna. Ta juya ga baƙinta da murmushin dole.

"Kamar yadda nake faɗa muku, kada ku je da damina, ruwa zai kulle ku a ɗaki. Ku zaɓi tsibiri ɗaya ku zauna, ban da tsalle-tsalle daga wannan zuwa wancan. Kaya marasa nauyi, na auduga. Amarya, wannan ƙaton akwatin naku na mata a bar shi a gida, kwale-kwale za ku shiga!"

Amarya ta rufe fuska tana dariya.

"Ku riƙe maganin sauro da na amai, da man kare fata daga rana. Ku nemi ɗaki mai kallon teku, nesa da wurin kiɗa. Sannan babba a ciki, ku tafi ku biyu rak. Hutu ba ya son rakiya."

"Allah Sarki," in ji Injiniya daga gefe. "Ku dai riƙe wannan ta ƙarshen da kyau."

Baƙin na fita ta ja hannunsa zuwa ɗan ɗakin da suke dafa shayi, ta turo ƙofa.

"Daga otal ɗin da za mu sauka a tsibiri aka kira ni," ya ce. "Wai firjin maganin dattijon, a ɗakinsa za a saka ko a namu? Na ce wane dattijo? Suka ce ai madam ta kama ɗaki biyu."

"Dama zan faɗa maka..."

"Yaushe? A cikin jirgi?"

"Wa zai yi wa Baba allura in na tafi?"

"Ƙanwarki Auta fa? Ba ma'aikaciyar jinya ba ce?"

"Hannun Auta da nauyi! Baba ba ya so!"

Ya zuba mata ido. Da ma ihu ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Tun da muka yi aure nake jiran tafiyar nan," ya ce a hankali. "Kin ɗage, na yi haƙuri. Kin sake ɗagewa, na yi haƙuri. Ina ƙaunar Baba, Allah ne shaida. Amma ni ban san yadda matata take ba in ba ta kallon agogo. Jikinki ne kawai a gidana, masoyiyata. In har mako ɗaya ma ba zan samu ba, to ki soke tafiyar, ba zan ƙara roƙonki komai ba."

Ya fita. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tsaya mata a rai, don ta san mijinta, in ya daina roƙo to ya daina sa rai ke nan.

Gaskiya dai Injiniya bai yi ƙarya ba. Tun rasuwar mahaifiyarta ciwon suga ya kama Baba, ita kuma ta ɗauke shi kacokan ta ɗora a kanta. Safe da yamma tana gidansa da allura. Baba kuwa, tsohon direban babbar mota da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ratsa dazuzzuka, da ya ga allura sai ya runtse ido yana salati. Ƙannenta har tsokanarta suke wai ita ce uwar Baba, ita kuma ta ce eh ɗin, wa ya isa ya ƙwace mata?

Da yamma ta sami Baba a kujerarsa ta tsakar gida, rediyo a cinya.

"Uwata, wa ya taɓa min ke? Idon nan ya sha kuka."

Ta durƙusa a gabansa ta zayyane masa komai, har da yadda ta ɗauke fasfonsa daga ƙarƙashin katifa ba tare da ya sani ba.

Baba ya kashe rediyo.

"Tsaya tukuna. Ni za a kai tsibiri?"

"Eh, Baba. Na samo maka ɗaki a ƙasa, babu hawa bene, ga..."

"Wa ya tambaye ni?"

Ta sunkuyar da kai. Sai a lokacin ta lura, ta tuna da firji, ta tuna da hularsa ta rana, amma ba ta tuna ta tambayi mai tafiyar ba.

"Ikon Allah! Ki ɗauke ni kamar akwati, ki ajiye ni tsakaninki da mijinki? In zauna ina gadin me? Ni da surukina mu riƙa haɗa ido da safe, kowa na jin kunyar kowa? Haba Uwata!"

"Baba, allurarka..."

"Ɗauko min ita."

Ta kawo, ta fara naɗe hannun rigarta yadda ta saba. Ya miƙo hannu.

"Ba ni nan."

"Baba?"

"Na ce ki ba ni."

Ya gyara gilashinsa, ya duba adadin maganin a haske, ya goge wurin da auduga. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. 'Yar Baba ta dunƙule hannayenta a cinya don kada su kai masa ɗauki. Ya yi bismilla ya soka, idonsa a buɗe tar har ya gama.

"Baba! Yaushe... wa ya koya maka?"

"Auta. Tun ɗage tafiyar da kika yi a baya. A jikin lemo na fara, na huda lemo ya fi kwando kafin na yarda na taɓa kaina." Ya yi dariya, sai kuma muryarsa ta karye. "Na daɗe da iyawa. Shiru na yi, saboda ina son jin sallamarki safe da yamma, irin ta mahaifiyarki ce sak. Son kai ne, Uwata. Ban san gidanki nake ci ba."

Ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka. Kukan tausayi ne, amma alfahari ya fi yawa a ciki. Wannan tsohon da ke ɓuya a bayan filo saboda allura, shi ne ya zauna shi kaɗai yana yaƙi da tsoronsa don ita!

"Tashi, tashi. Ki je ki ba yaron nan haƙuri. Kuma ki dawo min da fasfona, ɓarauniya kawai."

Tana fitowa ta ga motar Injiniya a ƙofar gida. Duk fushin nan bai hana shi zuwa ɗaukarta ba. Ta buɗe ta shiga, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ɗaki ɗaya ne," ta ce. "Ni da kai. Ka yafe min, abin ƙaunata."

Ya kamo hannunta ya ɗora a ƙirjinsa ya riƙe gam.

Safiyarsu ta farko a tsibirin, ta farka firgigit daidai lokacin allura. Iskar teku na kaɗa labule, ruwan na ta wanke farin yashi a ƙasan tagarsu. Ta zauna a bakin gado, har ta kai hannu kan waya.

Injiniya ya buɗe ido ɗaya.

"Kira shi mana, rabin raina. Wallahi ba zan ji haushi ba."

Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta janye hannunta, ta koma ta kwantar da kai a kafaɗarsa, murmushi ya cika mata fuska.

"A'a, sai an jima mu gaishe shi tare," ta ce. "Babana ya iya."