Rigar Alharini da Turakun Kogi

A can wani zamani, a wata ƙasa mai koguna da gonakin shinkafa, an yi wani Sarkin Yaƙi mai dabara. Da abokan gaba suka taho a jirage, sai ya kakkafa turaku masu tsini a inda kogi ke shiga teku, ruwan teku ya cika ya rufe turakun. Da ruwa ya janye, turakun suka huda jiragen.

Sarki ya tuɓe rigarsa ta alharini ya ba shi. Waziri kuwa ya kasa cin abinci.

Ya ce wa Sarki, "Ranka ya daɗe, itace da ruwa suka yi yaƙin nan. Ko ni zan iya!"

Kullum maganar ke nan, ko ni zan iya. Sarki ya gaji, ya ce, "To, je ka tsare kogin kudu."

Sarkin Yaƙi ya bi shi. "Waziri, bari in gaya maka lokacin janyewar ruwa."

"Riƙe saninka!"

Waziri ya kafa turakunsa, ya shiga jirgi yana zagaye don a gan shi. Ruwa ya janye, turke ya huda jirginsa.

Sarkin Yaƙi ya tsamo shi yana makyarkyata, ya lulluɓe shi da rigar nan.

Ga Waziri cikin rigar da ta hana shi cin abinci, amma ya kasa ɗaga kai.